Delfor, Direban Jirgin da Aka Miƙa wa Yumɓu

Ƙanena Delfor da baki ya zo duniya, sauran jikin daga baya ya biyo. Na girme shi da shekara huɗu, saboda haka a kaina ya fara gwada bakin, ga shi na haura sittin bai gaji ba. Gida ɗaya muke zaune a Haedo, wata unguwa a gefen babban birni, gidan da iyayenmu suka bari, shi a ɗakunan baya, ni a na gaba inda keken ɗinkina yake. Ba ƙauna ce ta haɗa mu ba. Matarsa ce ta kwashe kayanta shekara goma sha biyar da suka wuce, ni kuma mijina ya mutu, kuma a cikinmu babu wanda ya yarda ya bar wa ɗan'uwansa gidan.

Babanmu direban jirgin ƙasa ne, kakanmu kuwa shi ke zuba gawayi a wuta tun zamanin jirgin tururi. Delfor ya hau kujerar tuƙi yana ɗan shekara ashirin da tara, ya yi wasu ashirin da tara a kanta. Zan faɗi gaskiya ko da ba ta min daɗi: ya iya aikinsa. Fasinja na riƙe da kofi cike, Delfor zai tsayar da jirgi ko ɗigo bai zuba ba. Ban da kujerar nan kuwa ba shi da komai. Ba ɗa, ba jika, ba lambu, kare ma da ya kawo wata biyu ya yi ya koma maƙwabta. Idan ya sa shuɗiyar rigar aiki ya fita, har tafiyarsa sauyawa take yi.

Kowane direba a layinmu yana da adadinsa na mutanen da jirginsa ya take. Akwai mai sauri da ya kutsa ta ƙarƙashin sandar da ke tare hanya idan jirgi zai wuce, akwai mashayi, akwai wanda ya zo da ƙafarsa ya tsaya a kan dogo yana jira. Jirgi ba keke ba ne, daga inda ka hango mutum ka ja birki sai ka wuce layin gidaje biyar ko shida kafin ka tsaya. A kai ka wurin 'yan sanda ka sa hannu, a ba ka hutun kwana biyu, ka dawo aiki. Idan direbobin suka taru gashin nama ranar Lahadi, har tambayar juna suke yi suna dariya. Delfor kan ce, "Sha ɗaya, mutumina. Cikakkiyar ƙungiyar ƙwallo, har da mai tsaron gida." A yi ta ƙyaƙyatawa, a miƙa masa haƙarƙari.

Shekara uku da suka wuce ya fara jan birki ba dalili. Na farko baƙar leda ce iska ta ɗauko. Na biyu inuwar bishiya. Na uku ko shi bai iya faɗin abin da ya gani ba, fasinjoji dai sun zube a kan juna, wata tsohuwa ta karya hannu. Aka dakatar da shi na shekara guda. Idan shekarar ta cika, kwamitin likitoci zai zauna a kansa ya yanke ɗaya cikin biyu: ko ya koma kujerarsa, ko a sauke shi har abada a ba shi tebur a ma'ajiyar jirage. Delfor ya ce idan tebur ne gara a binne shi.

Kada a ce ba ya neman magani. Shekara goma sha huɗu yana zuwa wurin Dakta Lombardero kowace Alhamis, ya miƙe a doguwar kujera ya yi ta zuba, likita na bayansa yana cewa uhm. Mai sayar mana da burodi ma tana da nata likitan hirar, wanda ba shi da shi ake wa kallon akwai abin da yake ɓoyewa. Sai dai a shekarun nan duka Mama ce ta sha wuya, Allah ya jiƙanta. An tono ta an sake tonowa: ta yaye shi da wuri, ta fi sona, ta taɓa mantawa da shi a kasuwa. Jirgi kuwa ko sau ɗaya bai shiga ɗakin ba. Abin da Delfor ya samo kawai shi ne yaren likitocin, ya haddace shi tsaf, ya dawo gida yana dukan mutane da shi.

Da aka zaunar da shi a gida sai na ga ta kaina. Tun safe yana kicin riƙe da ƙoƙon mate, shayin ganyen nan namu, yana zuƙa, yana jiran wanda tsautsayi zai kawo. Wata mata ta kawo siket a buɗa mata ƙugu, ya leƙo ya ce, "Doña, ba siket ne ya matse ki ba, mahaifiyarki ce." Har yau siket ɗin yana wurina. Cikin wata shida rabin masu kawo min ɗinki suka ɗauke ƙafa.

"Delfor, idan ina da mutane ka fita min daga ɗaki."

"Kin ji ko? Ɗakina, ɗakina. Tun muna yara abin da ke cin ki ke nan, Neli. Haushin nan ba nawa ba ne, naki ne kike shafa min."

"Dutsen guga zan shafa maka."

"Ga shi nan. Duk ranar da aka taɓo gaskiya sai ki nemi abin duka."

Saboda haka kada wani ya ɗauka tausayi ne ya sa na shiga nema masa wani mai magani. So nake kwamitin nan ya mayar da shi kan jirgi in samu in numfasa. Na kuma san ko da ya cinye su da baki, idan ya sake jan birki a kan leda, gida za a dawo min da shi ba ranar fita.

Wata nas mai suna Haydée, cikin 'yan kaɗan da ba su gudu ba, ita ta fara kawo maganar. Ina rage mata tsawon riga, tana jiyo shi ta bango yana yi wa mai kawo gas bayanin mahaifinsa. Ta ce, "Irin wannan hira ba ta kama shi, bakinsa ya fi na likitan. Akwai masu aiki da hannu, zane da yumɓu da kiɗa da motsa jiki duk a haɗe. Amma ki buɗe ido, 'yan damfara sun fi na gaske yawa." Ta ce in nemi lambar lasisin mutum na duba masu damuwar ƙwaƙwalwa, in ga takardar da idona, in tambayi inda ya koyi wannan fannin, da ko ya taɓa aiki da waɗanda suka ga haɗari. Duk wanda ya yanka min ranar warkewa kuwa, in ɗauki jakata in fito.

Na fara da ofishin ƙungiyar direbobi. Akawun ya duba jerin likitocinsu sama da ƙasa, ya ce, "Doña, likita kike nema ko 'yan rawa?" Daga nan wata sanarwa da na gani manne a kantin magani ta kai ni wani bene a unguwar Palermo. Hayaƙin turare har ba a ganin bango, ga wata mata sanye da farare, ba takalmi, ta kama hannuwana biyu ta ce in kawo mata shi gona kwana biyu, zai dawo sabon mutum. Na ce ina lambar lasisi? Ta ce rai ba ya buƙatar lasisi. Na ce jirgi yana buƙata. Na gaba malamin koyar da zane ne, kuma shi kaɗai na ji ya kwanta min a duk yawon nan. Ya ce shi tuffa a kwano yake koya wa mutane zanawa, idan wani ya fashe da kuka iyakacinsa ya miƙa masa hankici. Shi ya rubuta min sunan Zulema Ibarra a bayan tikitin bas.

Ɗakinta a unguwar Ciudadela yake, saman shagon mai faci. Gajeriya ce mai faɗi, ta kai hamsin, mutuniyar Santiago del Estero, can arewacin ƙasarmu, da maganarsu a hankali da kan sa ɗan birni ya ƙosa ya ƙarasa musu zance. Takardunta na rataye a bango. Ta amsa tambayoyina ba ta ɓata rai ba, ta ce ta yi shekaru da 'yan kwana-kwana da direbobin motar asibiti. Daga nan ta juyo kaina.

"Ya san kin zo?"

"Zai sani."

"Shi yake so, ko ke?"

"Malama, wata uku ya rage a zauna a kansa. So nake ki gyara shi ya koma aiki."

"Ba rediyo ba ne, Doña Nélida. Ya zo da ƙafarsa sau ɗaya mu ga juna. Idan ban yi masa ba, ko na ga ba aikina ba ne, zan faɗa masa wanda ya fi dacewa. Kuma ki lura, ban yi miki alkawarin jirgi ba."

Na sauko matakalar ina cizon yatsa. Na tsani mutumin da ake masa faɗa yana kallon ka kamar ana karanta masa jarida. Amma ita kaɗai ce mai takarda.

Sa'ata ɗaya, watan Fabrairu ne. Likitocin hira duk sun rufe ɗakunansu sun tafi bakin teku yadda suka saba, sun bar rabin gari marayu. Delfor ya yi Alhamis uku ba kunnen da zai juye wa, har ya fara yi wa rediyo gardama. Na ce masa kwamiti na son ganin mutum ya gwada sabon abu. Ya tafi ranar Talata, ba don ya yarda ba, sai don ya samu wadda zai kayar.

Ya dawo yana huci, kuma da yake ba ya iya riƙe magana, tun daga ƙofa ya fara.

"Ko doguwar kujera babu, Neli. Tabarma, tebur duk fenti, da ganguna, sai ka ce ajin 'yan raino. Na fara mata daga Mama, yadda ake yi. Minti goma ta saurara, sai ta miƙo min gawayi, ta manna takarda a bango, wai in rufe ido in bar hannun hagu ya yi yawo. Na ce ban iya zane ba. Ta ce ya fi."

"Ka yi?"

"Na yi don in ga ƙarshenta. Da na buɗe ido na ce to, Malama, fassara. Kin san abin da ta ce? Wai ba ta sani ba. Wai ni me na gani, a ina hannuna ya danna da ƙarfi, a ina ya yi sanyi. Likita guda ta ce ba ta sani ba. Lombardero da layi ɗaya sai ya ciro miki kakarki."

Duk da haka ya ga takardar matar za ta yi amfani a gaban kwamiti, sai ya ɗauko dabarar da ta saba ci masa. Shekara goma sha huɗu sun koya masa abin da likita ke son gani. Ya je wurin wani abokinsa mai yi wa motocin haya ado da fenti, ya sa ya zana masa rana tana fitowa, da dogo miƙaƙƙe har bakinta, da ƙofa a buɗe, da tsuntsu a sama. Har gaya masa ya yi ya ɗan karkata layin don kada ya yi kyau da yawa. Ranar Talata ya shafa fenti ruwan ɗorawa a babban yatsansa, ya naɗe zanen a takardar da nake yankan riga. Ina kallonsa ban hana ba. Idan ƙarya ce za ta fitar min da shi daga kicin, ni ce mai taya shi naɗewa.

Ranar bai fara magana daga ƙofa ba. Ya wuce tsakar gida ya zauna ya ba ni baya. Abin da ya faru sai daga baya na tattara shi guntu-guntu, yawanci a tsakiyar zagi.

Zulema ta jingina zanen a bango ta ce ya yi kyau. Ba ta tambayi wanda ya zana ba, ba ta ce rana na nufin kaza ba. Ta ce, "Wace irin ƙara yake da ita, Señor Bertuzzi? Ni ban taɓa zama a gaban jirgi ba. Jiyar da ni." Ta turo masa babbar gangar nan ta mutanen arewa, mai fatar akuya da gashinta. Ashe haka aikin nasu yake. Abin da ka zana a ce ka kaɗa shi, abin da ka kaɗa a ce ka taka shi da ƙafa ko ka murza shi a yumɓu, ana tafe da kai daga wannan zuwa wancan har a iso wurin da wayonka bai riga ya je ya share ba. Ba ruwanta da kyau ko muni, ba ta kuma gaya maka ma'ana. Delfor ya shirya wa fassara, bai shirya wa ganga ba.

Ya ɗauki sandunan da raini. Amma ƙarar ƙafar jirgi a kan dogo ta zauna masa a wuyan hannu, sai ga ta tana fitowa daidai, a hankali kamar an bar tasha, sannan tana ƙara gudu. Zulema ta ɗora yatsa a kan dogon da ke cikin zanen tana bi. Can ta ce, "Idan ka ga dama ka tsayar da shi." Ya kasa. Kiɗan ya ƙara sauri, hannun dama ya saki sanda ya tafi neman oda a iska, na hagu na ci gaba da dukan fata, wani sauti ya fito masa daga maƙogwaro wanda ya sa mai faci ya hawo rabin matakala. Ba ta riƙe shi ba, ba ta ce masa yi haƙuri ba. Ta ɗauki ɗan ƙoƙo mai tsakuwa a ciki ta shiga kiɗan tare da shi, ta riƙa sassautawa kaɗan-kaɗan har ya biyo ta. Sannan ta ce ya danna ƙafafunsa a ƙasa, ya faɗa mata abubuwa biyar da yake gani a ɗakin. Da numfashinsa ya dawo, zagi ya fara yi. Ya ce wayo ta yi masa, ba likita ba ce, mayya ce. Ta ba shi ruwa, ta ce ita ma ta yi gaggawa, daga yau shi zai riƙa faɗin inda za a tsaya, idan ya ga damar dawowa.

Ya rantse da kabarin Baba ba zai sake taka matakalar ba. Ranar Talata ya tafi.

Daga nan labari ya ɗauke. Sai yumɓu a ƙarƙashin farce, sai tawul ɗina duk ja. Na ɗauka shirun zai min daɗi, ashe ya fi surutun muni. Ya daina yi wa mutane fassarar iyayensu, ya koma hantara kai tsaye. Ya daina zuwa gashin Lahadi. Soyayyen naman da yake cin uku a zama ɗaya, rabi yake bari. Wata rana na ajiye cokali da ƙarfi, ya zabura ya fasa farantin Mama, sannan ya ce laifina ne. Na dube shi, ya rame, ido ya faɗa, na ce wannan fatalwar za a kai gaban kwamiti? Na sa takalmi na tafi Ciudadela da niyyar faɗa.

"Mutum na kawo miki da bakinsa, kin mayar min da shi bebe. Me kike masa a nan?"

"Abin da ake yi a ɗakin nan nasa ne. Ki tambaye shi."

"Ni na nemo ki."

"Na sani. Amma shi ke zuwa."

A kan wata kanta da ke jikin bango akwai abubuwa jere, kowanne an lulluɓe shi da jiƙaƙƙen tsumma. Na miƙa hannu zan ɗaga ɗaya, ta shiga tsakani ta tsaya kamar buhun masara.

"Zan gaya miki abin da nake gaya wa dangin kowa. Wani lokaci sai ya ƙara zafi kafin ya lafa. Idan kin ga abin da ya tsorata ki, ga lambata, ki kira ni nan take."

"Abin da ke tsorata ni shi ne ya zauna min a gida har mutuwa."

"Wannan kuma ba ni da maganinsa, Doña."

Da a ce ina da inda zan kai ƙararta a ranar, da na kai.

Saura mako guda a zauna, ya nemi takarda a wurinta. A gabansa ta rubuta, ta karanta masa: yana zuwa ba fashi, yana aiki tuƙuru, ya fara taɓa abin da ya daɗe yana kewayewa, amma a ganinta lokacin zamansa a gaban jirgi bai yi ba tukuna. Ya ce babu wani lokaci, shekara ta cika. Ta ce ta sani, amma ba za ta rubuta abin da ba ta gani ba, alhali ɗaruruwan mutane ne za su zauna a bayansa. Har gida ya kawo takardar don ya yaga ta a kan teburin kicin ina kallo. Ya kira ta baƙauyiya, ya kira ta mai wasan laka. Ni ma na taya shi, na ƙara da nawa, kuma rabon da bakinmu ya zo ɗaya a kan wani abu har na manta. Dakta Lombardero, da ya dawo daga bakin teku fata ta yi ja, ya rubuta masa shafi uku: ya warware matsalarsa da mahaifiyarsa, ya cancanci komawa aiki.

Ni na goge masa shuɗiyar rigar. Likitoci uku ne a bayan dogon tebur, aka bar ni in zauna a baya a matsayin 'yar'uwa. Delfor kuwa ya haskaka. Ya yi musu bayanin gajiya, da baƙin cikin rabuwa da mata, da yadda ya gano tushen abin tun daga yarinta. Sau biyu ya sa su dariya. Macen da ke tsakiya har ta cire murfin biro. Ni a raina na fara tunanin waɗanda zan aika wa su dawo da ɗinkinsu.

Sai tsohon da ke gefe, wanda ke cika takarda bai ko ɗago ba, ya ce, "Nawa ne duka a tsawon aikinka? Don takarda kawai."

Na san amsar, na ga bakinsa ya haɗa ta.

"Sha ɗaya," ya ce.

Ina jiran sauran, sauran bai zo ba. Hannuwansa da ke kan gwiwa suka fara motsi, babban yatsa yana danna na kusa da shi.

"Ta farko mace ce, da koriyar jakar cefane. Lemo ya watse ko'ina. Da na zo gina ta da yumɓu jakar ta ba ni wuya, duk sanda na yi mata hannu sai yumɓun ya karye. Na biyu ya cire hularsa ya riƙe a ƙirji, kamar mai shiga coci. Ya dube ni. Na uku ban ga komai ba sai takalmi, saboda haka takalmin kawai na yi."

"Ya isa, Señor Bertuzzi," in ji tsohon.

Bai ji ba. Ba kuka yake ba, muryarsa ma ƙasa-ƙasa take, wadda ban san yana da ita ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, da ranar, da yanayin gari, da abin da kowa ke riƙe da shi, har ya kai na bakwai, wani mai keke da ya riga ya tsallake ya komo ɗaukar abin da ya faɗi masa. A nan ya tsaya.

Macen ta tambaye shi a hankali, "Kana jin ka shirya komawa kan jirgi?"

Ga shafi uku na Lombardero a gabanta. Kalma ɗaya ta ishe shi. Ina daga baya ina cewa a zuci, ka ce e, maƙaryacin banza, duk rayuwarka kana yi, wannan ɗayar ce za ta gagare ka?

"Saura huɗu," ya ce. "Ban kai gare su ba tukuna."

Ta mayar da murfin biron.

Takardar ta iso bayan kwana goma. Yanzu yana da tebur a ma'ajiyar jirage, yana miƙa wa direbobi makulli da safe ya karɓa da yamma. Ba a binne shi ba. Yana zuwa Ciudadela har yau, wai don ya gaya mata abin da ta ja masa. Ya gama huɗun, haka na ji yana faɗa wa wani a waya, ni bai taɓa nuna min ko ɗaya ba. Yana cin abinci, ya daina zabura, kuma yana nan da halinsa.

Amma abin da ya tsaya min a rai hanyar dawowarmu ce a ranar. Bas muka shigo. Daga inda muka sauka zuwa gida sai an tsallake dogo, muna isa ƙararrawa ta fara, sanda ta sauka. Jirgin ƙarfe huɗu ya taho. Direban abokinsa ne, ya gane shi tun daga nesa, ya danna masa oda sau biyu don gaisuwa. Delfor ya damƙi hannuna sama da gwiwa ya matse har na ji a ƙashi. Na so in fizge, ban fizge ba. Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da ya kama ni.

Da taragon ƙarshe ya wuce ya sake ni, ya goge tafinsa a wando.

"Ke kika nemo ta. Ba zan yafe miki ba, Neli."

"Kada ka yafe. Ni ma ban samu abin da na je nema ba."

Sanda ta ɗaga, mutane suka fara tsallakawa suna kewaye mu. Shi bai motsa ba, yana bin bayan jirgin da kallo yana shiga tasha.

"Ya makara da birki," ya ce. "Da ni ne, tun daga gidan burodi zan fara."

Na ce, "Mu je gida, Delfor."

Sai da na ja shi muka tsallaka.